Masu Auna Iska: Aikin Da 'Yan Makaranta Ba Su Waiwaya Ba

In aka tara 'yan makaranta aka tambaye su aikin da kowa yake so ya yi bayan ya gama karatu, amsar ba ta cika wuce huɗu ko biyar ba. Wannan ya ce likita, wancan ya ce injiniya, wani soja, wani lauya, mai dogon buri kuwa ya ce tuƙin jirgin sama. Duk ayyuka ne na kirki, ba mai kushe su. Amma da wuya ka ji wanda ya ce yana so ya zama masanin iskar da muke shaƙa, watau mutumin da aikinsa shi ne ya auna ƙura da hayaƙin da ke cikin iska, ya gano inda suka fito, da ɓarnar da suke yi wa jiki, da yadda za a rage su. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ko mene ne wannan ilmi, da dalilan da suka sa samari da 'yan mata ba su kula da shi ba, da kuma abin da ya sa mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muke bukatarsa.

Mece ce gurɓatar iska?

Babban mutum yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kowace rana. In ruwa ya gurɓace kana iya zubar da shi ka ɗebo wani, in tuwo ya lalace kana iya ƙin ci, amma iska ba ta da zaɓi. Wadda ke gabanka ita za ka shaƙa, ko mai kyau ce ko marar kyau.

Abubuwan da ke gurɓata iska iri biyu ne. Na farko su ne ƙwayoyin ƙura da na hayaƙi. Manya daga cikinsu gashin hanci da majina suke tare su, shi ya sa in ka fyace hanci bayan ka dawo daga kasuwa sai ka ga baƙi. Ƙananan su ne masu haɗari. Masana suna kiransu PM2.5, kuma sai an jera kamar talatin daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Waɗannan suna wucewa har can cikin huhu, wasu ma su shiga jini. Su ne ke tayar da asma, su jawo ciwon nimoniya ga yara, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da dajin huhu ga manya.

Iri na biyu su ne iskoki masu guba. Wadda ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani ita ce kabon monoksaid, wadda ke fita daga garwashin gawayi da salansar janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jiki tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kama shi sau ɗari biyu da wani abu, sai jinin ya kasa kai oksijin inda ake bukata. Wannan ne dalilin da ya sa mutum yakan shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin sanyi, ya rufe ƙofa da taga, ya kwanta, bai farka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana kashe mutane kusan miliyan 7 kowace shekara. Daga ciki, hayaƙin girki na cikin gida kaɗai ya kashe mutane wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin da ke cikin iskarmu

Wani zai ce wannan matsalar mutanen birni ce, inda masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suke, mu nan karkara iskarmu garau take. To, bari mu duba.

Na farko, ƙurar hunturu. Yawancinta daga ƙasar Cadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, a arewa maso gabas da Tafkin Cadi. Wurin nan ƙasan wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe tun shekaru dubbai, ya bar laka mai laushi kamar gari. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yo kudu maso yamma da shi. Shi ne hazon da ke rufe mana rana. Ƙurar Sahara har Tekun Atilantika take ƙetarewa. A shekarar 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta cewa wajen tan miliyan 27 nata ke sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka kowace shekara, ta zama taki ga itatuwan can. Masana kuma sun lura cewa sanƙarau ya fi yaɗuwa lokacin da iska ta bushe ƙura ta yi yawa, domin fatar cikin hanci da maƙogwaro takan yi rauni, ƙwayar cutar ta sami hanya. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Jihar Kano tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani.

Na biyu, hayaƙin murhu. Kowa ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin girki na gidansu, zai ga kunkunniya baƙa ƙirin. Hayaƙin da ya yi wa rufi haka shi ne iyayenmu mata suke shaƙa safe da yamma, sau da yawa da jariri goye a baya.

Na uku, ƙone-ƙonen gona da na daji. Tun da aka gama Dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji a shekarar 1974, noman rani ya bunƙasa a wannan sashe. Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, kuma duk inda ake turara shinkafa ana casar ta, akwai hayaƙin itace da ƙurar ɓuntu. Ga masu ƙona karan shinkafa bayan girbi, ga masu cinna wa daji wuta don farauta, ga masu sare itatuwa su ƙona gawayi a gefen Dajin Falgore.

Na huɗu, hayaƙin injuna da na shara. Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora, kan hanyar Kano zuwa Zariya, ya ga abin da manyan motoci ke fesowa, ba ya bukatar a ba shi labari, kuma a bakin hanyar nan ne masu talla da masu faci da masu shayi suke wuni. Ga janareta, ga injin niƙa, ga injin ban ruwa, ga leda da ake ƙonawa a juji, ga mahautan da ke babbaka da tsohuwar taya.

Na biyar, ƙurar haƙar ma'adinai. A Riruwai ta ƙasar Doguwa an daɗe ana haƙar kuza. Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya isa darasi ga duk mai haƙa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane sun riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna daka shi suna niƙawa, alhali dutsen yana ɗauke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke wasa, yara fiye da 400 suka mutu. Ido ba ya rabe ƙura mai guba da marar guba, sai an auna.

Me ya sa muke gudun wannan aiki?

A ganina dalilai biyar ne.

Na ɗaya, rashin sani. Yaro yana sha'awar abin da ya gani ne. Mun ga likita a asibiti, mun ga soja da kakinsa, mun ga injiniya a wurin gyaran hanya, amma mai auna iska bai taɓa zuwa ƙauyenmu mun gan shi ba. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙwallafa rai a kansa.

Na biyu, sabo. An haife mu mun tarar da hayaƙi da hazo, har mun ɗauka haka duniya take. In ka yi maganar, sai a ce maka kakanninmu da itace suka yi girki kuma sun tsufa. Gaskiya ne wasu sun tsufa, amma waɗanda tari ya ɗauke tun suna goye ba a lissafa su, domin ba wanda ya san abin da ya jawo tarin. Wasu kuma sukan ce ƙura daga Allah take, me ɗan Adam zai yi? Ai ruwan sama ma daga Allah yake, amma ba mu fasa yin rufi da indararo ba. Ba mai hana hunturu zuwa, amma masani yana iya faɗin ranar da hazo zai yi tsanani, mai asma ya shirya, a rufe wa yara hanci, asibiti ya tanadi magani.

Na uku, girma da suna. Iyaye da yawa burinsu a ce ɗansu likita ne ko lauya, kuma ba laifinsu ba ne, domin sun sha wahalar biyan kuɗin makaranta, suna so su ga abin da za su nuna. Wasu ɗalibai kuma da sun ji an ce aikin muhalli, sai su ce ai duba-gari ke nan, mai leƙa randa da masai. To, da farko dai duba-gari ba abin raini ba ne, shi ne ke tare cuta tun ba ta shigo gida ba. Sa'an nan likita yana warkar da mutum ɗaya bayan ɗaya, amma wanda ya gyara iskar gari ya taimaki dubban mutane a lokaci guda, har da waɗanda ba a haifa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, tsoron Lissafi da Kemistiri da Fiziks. Wannan tsoro ya kori yara da yawa daga ajin kimiyya, balle a makarantun da ɗakin gwaje-gwaje ba shi da isassun kaya. Amma likita da injiniya ma sai sun bi ta wannan ƙofa. Wanda ya iya haye ta don ya zama likita, ya iya haye ta don wannan.

Na biyar, tsoron rashin aiki. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi, kuma bai kamata a rufe shi da daɗin baki ba. Guraben wannan aiki ba su kai na koyarwa ko na asibiti yawa ba. Amma a tuna kujerun koyon likita a jami'a kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, kuma duk shekara akwai masu ƙoƙari da suke zaune gida suna sake jarrabawa saboda sun kafe a kan abu ɗaya. Da zaman jiran kasuwar da ta cika, gara ka kai hajarka inda masu irinta ba su da yawa.

Yadda ake aikin

Bari in kawo misali don a ga ba tsafi ba ne. Akwai na'ura mai famfo da ke zuƙo iska ta cikin wata takarda mai tacewa. Kafin a sa takardar sai a auna nauyinta a ma'auni mai tsananin daidaito. A bar na'urar ta yi aiki awa 24, tana zuƙar iska mita-kubik ɗaya kowace awa, watau cikin akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Bayan nan a cire takardar a sake aunawa. A ce nauyinta ya ƙaru da maikirogiram 1,200. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. In ka raba 1,200 gida 24, ka sami 50. Ke nan kowane mita-kubik na iskar wurin yana ɗauke da maikirogiram 50 na ƙananan ƙwayoyin nan. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata na yini ɗaya ya wuce 15 ba, matsakaicin na shekara kuma kada ya wuce 5. Iskar wannan wuri ta ninka ƙa'idar yini fiye da sau uku. Wanda ya iya rabawa ya riga ya kama bakin zaren.

Daga nan sai a kai takardar ɗakin gwaji, mai ilmin Kemistiri ya bincika ya ce wannan toka ce ta itace, wannan daga man dizal take, wannan ƙasar hamada ce. Sanin tushen abu shi ne rabin maganinsa. Yanzu kuma akwai ƙananan na'urori masu araha da ke haska iska da wani siririn haske su ƙirga ƙwayoyin da suka gifta, su aika da sakamako ta intanet. Akwai kuma masu karanta hotunan tauraron ɗan Adam su bi sawun ƙura daga Cadi har Kano.

Abin da masu wannan ilmi suka yi wa duniya

A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan kwana biyar. Da farko an ce mutane wajen 4,000 suka mutu, binciken baya ya nuna sun kai kusan 12,000. Ƙididdigar masana ce ta nuna wa hukuma girman abin, har Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956.

Wani masani Ba'amurke mai suna Clair Patterson ya auna dalma a cikin ruwan teku da ƙanƙarar ƙarshen duniya, ya nuna cewa dalmar da ake zubawa a man fetur ta bazu ko'ina, har cikin jikin mutane, ita kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Masu cin riba da ita sun yi masa adawa, bai fasa ba. Sannu a hankali ƙasashe suka daina, har Aljeriya, wadda ta zama ta ƙarshe, ta daina sayar da irin wannan mai a 2021.

A Afirka ma akwai abin koyi. A Jami'ar Makerere ta Yuganda, Farfesa Engineer Bainomugisha da ɗalibansa sun kafa wani shiri mai suna AirQo. Suna ƙera na'urorin auna iska da hannunsu, waɗanda ke jure ƙura da ɗaukewar wuta, har suna ɗaura wasu a kan baburan 'yan acaɓa su zaga birnin Kampala. A nan gida kuwa, wani masani mai suna Grant McTainsh ya auna ƙurar hunturu da ke sauka a Arewacin Nijeriya, ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Baƙo ya taso daga nesa ya auna ƙurar da ke sauka a kan tabarmarmu. Ashe mu da muke shaƙar ta ba mu fi cancanta da wannan aiki ba?

Ta ina ake shiga?

Tun daga sakandare, sai ɗalibi ya riƙe Lissafi da Kemistiri da Fiziks da Bayoloji da Labarin Ƙasa da Turanci, ya kuma koyi kwamfuta in ya sami hali. Jihar Kano ta daɗe da gane darajar kimiyya, shi ya sa ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu tun 1977. Daga nan ƙofofi suna da yawa. A Jami'ar Bayero ana koyar da Kemistiri da Fiziks da Labarin Ƙasa da Kula da Muhalli. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen injiniyancin ruwa da muhalli. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil. Mai son ilmin yanayi zalla yana iya zuwa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Ga kuma Makarantar Tsabta ta Kano, wadda take horar da jami'an lafiyar muhalli tun zamanin Turawa.

Wuraren aiki kuwa, Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko a 1988, bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ke tilasta bin dokokin muhalli. Akwai hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda ke sanar da zuwan hazo ga matuƙa jirgin sama da sauran jama'a. Akwai cibiyar binciken sararin samaniya da ke Anyigba a Jihar Kogi. Akwai ma'aikatun muhalli na jihohi, da jami'o'i, da kamfanonin siminti da na mai, waɗanda doka ta wajabta musu binciken illar aikinsu ga muhalli. Mai basirar hannu kuma yana iya kama sana'ar kansa, ya ƙera murhu mai rage hayaƙi, ko ya mai da ɓuntun shinkafa dunƙulen makamashi maimakon a ƙone shi a banza.

Abin da za mu iya farawa da shi

Ba sai mun jira jami'a ba. Ga gwajin da kowane aji zai iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A yanka farin kwali gida biyar daidai wa daida, a shafa wa kowanne man basilin kaɗan. A rataye ɗaya kusa da ɗakin girki, ɗaya a bakin titi, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya kusa da janareta, ɗaya a ƙarƙashin bishiya can bayan fili. Bayan mako ɗaya a tattaro su a jera, a duba da gilashin ƙara girma, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata. A yi da damina, a sake yi da hunturu, a gwada. Wannan gwaji manyan ƙwayoyi kaɗai yake kamawa, amma zai koya mana abu uku da kowane masani yake tinƙaho da su: lura, da aunawa, da rubutawa. Ranar 7 ga Satumba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don tsabtar iska, an fara bikinta a 2020, kuma zai yi kyau ƙungiyar kimiyya ta makaranta ta riƙa nuna sakamakonta a wannan lokaci.

'Yan'uwana mata, wannan fage naku ne kamar yadda yake namu, watakila ma ya fi zama naku. Mace ce ta fi kowa sanin zafin hayaƙin murhu, kuma ita ce za ta shiga cikin gida ta yi wa matan aure bayani su saurare ta.

Iyayenmu kuma, muna roƙonku da girmamawa, in ɗanku ko 'yarku ta zo ta ce ga abin da take so ta karanta, kada ku ce ba ku taɓa jin sunansa ba don haka ba shi da amfani. Ku tambayi malamai, ku bincika, sa'an nan ku sa albarka. Kafin nan, a riƙa girki inda iska ke shiga tana fita, a bar itace ya bushe kafin a hura shi, a nisantar da jarirai daga murhu, a ajiye janareta a waje nesa da taga, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Ƙasarmu tana bukatar likitoci, tana kuma bukatar waɗanda za su rage layin da ke ƙofar likita. In daga kowace makarantar wannan sashe aka sami ko da mutum ɗaya ya ɗauki wannan karatu, nan da 'yan shekaru za a sami ɗan Kiru ko 'yar Doguwa da za su tsaya gaban hukuma da alƙaluma a hannu, su ce ga abin da mutanenmu ke shaƙa, ga kuma maganinsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba iyayenmu da malamanmu lafiya da tsawon rai, amin.